Daga Cennai zuwa Sheme: tarihin 'Mai Adda' da masu kallon sa

Mai karatu, shiga majalisar samari a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ka tambaye su ko sun san wani mutum mai suna Joseph Vijay Chandrasekhar. Da wuya ka sami mai ɗaga kai. To amma ka ce masu "Mai Adda" ka ga ikon Allah. Nan take hira za ta ɓarke, wannan ya kwaikwayi tafiyar sa, wancan ya ba ka labarin yadda ya gama da bos. Mutum ɗaya ne ke da sunayen biyu. Na farko iyayen sa su ka raɗa masa a birnin Madras a 1974, na biyu kuwa Hausawa su ka laƙaba masa saboda wani fim ɗin sa na harshen Tamil da ya fito a 2011, mai suna Velayudham.

Abin tambaya shi ne, me ya haɗa manomin masara na kudancin Katsina da wannan fim na can ƙuryar kudancin Indiya, har ya karɓe shi kamar ɗan gida? Amsar ta na cikin tarihi guda biyu da su ka taso kusan lokaci ɗaya: tarihin fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, da kuma tarihin fitinar da ta faɗa wa wannan yanki.

TSOHUWAR ZUMA

Ba yau Bahaushe ya fara soyayya da fim ɗin Indiya ba. Tun wajen shekarun 1950 da 1960 Kwarori masu gidajen silima su ka fara kawo su Kano da sauran biranen Arewa, su ka ga sun fi na Amurka da na Ingila shiga ran jama'a. Mother India na 1957 ya yi shekaru aru-aru a na maimaita shi ba a gaji ba. Daga baya talbijin ya ɗauka, sannan kaset ɗin bidiyo ya kai su garuruwan da ba su taɓa ganin silima ba. A ƙauyuka kuwa gidan kallo ne silimar: ɗaki ko zagayen zana, benci, talbijin ɗaya da ɗan janareta.

Tun a wancan zamani mu ke da al'adar raɗa wa jaruman Indiya suna. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuwa a ka ce masa Mace. Kuma da mu ka fara namu finafinan na bidiyo a 1990 da Turmin Danya, ba a jima ba rawa da waƙa irin na Indiya su ka zama gishirin su, har a ka shafe shekaru a na muhawara a kai a jaridu da mujallu. Shi kan sa wannan yanki ya na da hannu a wannan tarihi, domin ɗan ƙasar Faskari ne, Ibrahim Sheme, ya kafa mujallar Fim a 1999.

Sai dai akwai abin da yawancin mu ba mu lura da shi ba a lokacin. Abin da mu ke kira "fim ɗin Indiya" kusan duk na Mumbai ne, na harshen Hindi. Alhali Indiya ba masana'anta ɗaya gare ta ba. A jihar Tamil Nadu, mai mutane sama da miliyan 72 a ƙidayar 2011, akwai tasu masana'antar a unguwar Kodambakkam ta birnin Madras, wanda a ka sauya wa suna zuwa Cennai a 1996. Tun 1931 su ke yin fim mai magana da harshen su. Makwabtan su masu harshen Telugu su ma su na da tasu a Haidarabad.

Daga tsakiyar shekarun 1990 sai Mumbai ta juya akalar ta. Bayan nasarar Dilwale Dulhania Le Jayenge a 1995 da Kuch Kuch Hota Hai a 1998, furodusoshi su ka koma neman kuɗin Indiyawa mazauna Landan da Amurka. Jarumi ya zama ɗan attajiri, jaruma ta rage sutura, ƙauye ya ɓace daga allo. Dattawan masu kallo a nan su ka fara gunaguni cewa Indiya ta zama Turai. Su kuwa mutanen kudu ba su saki tsohuwar hanya ba. A finafinan su har yanzu akwai uwa da ƙanwa da gona da rijiya, akwai ɗan sanda mai cin hanci, akwai ɗan siyasa mai 'yan daba, sannan akwai talaka guda da zai ce ya isa haka.

Kai mai karatu, ka sha kallon labaran kudu ba ka sani ba. Nayak na Anil Kapoor, wanda ya fito a 2001, maimaicin fim ɗin Tamil ne mai suna Mudhalvan na 1999. Ghajini na Aamir Khan a 2008 ya fara fitowa da Tamil a 2005. Singham na Ajay Devgn a 2011 an ɗauko shi ne daga Singam na Suriya. Wato ita kan ta Mumbai, da ta ga kasuwar talakawa na neman kufce mata, kudu ta koma aro.

RANAR DA INDIYAWA SU KA YI HAUSA

Shekara da shekaru Bahaushe na kallon Indiya ba ya jin yaren. Da ido ya ke fahimta, sai kuma gwanin ba da labari da ke zaune a bencin gaba ya na fassara wa jama'a, rabi gaskiya rabi shaci-faɗi. A Kano an sami waɗanda su ka koyi Hindi daga kallo kawai. Fitacce a cikin su shi ne Nazir Magoga, wanda tun a 1996 ya fitar da ɗan littafi na fassarar waƙoƙin Indiya.

Wajen 2012 ne a ka yi abin da ya sauya kasuwar baki ɗaya. Wasu ɗakunan ɗaukar sauti a Kano, wanda ya fi shahara a cikin su shi ne Algaita na Buzo Ɗanfillo, su ka fara cire muryar Indiyawa su na ɗora ta Hausa. Cikin na farko-farko akwai wanda a ka raɗa wa Yaƙi da Rashin Adalci, wanda asalin sa fim ɗin Telugu ne na darakta S.S. Rajamouli, mutumin da daga baya ya yi Baahubali. Ka lura da wannan suna da kyau, domin shi ne kusan taken dukkan abin da ya biyo baya.

Masu fassarar ba kalma da kalma su ke bi ba. Su kan sa wa ɗan wasa habaici da baƙar magana da sara irin na 'yan Kano, su juya barkwancin Indiya ya koma namu. Kuma da yake Hindi su ka fi ji, galibin finafinan kudu sai sun bi ta fassarar Hindi kafin su iso Hausa. Shi Velayudham da Hindi an kira shi Super Hero Shahenshah. Ka ga ke nan suna uku ya yi a tafiyar sa, kowane da irin mutanen da a ke son jawowa.

Sunan nasa na asali ya na da nauyin addini. A Tamil, "vel" mashi ne, kuma shi ne makamin Murugan, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu da Tamilawa ke girmamawa. Mai fassara na Kano bai tsaya bayanin wannan ba. Ya dubi makamin sara da jarumin ke riƙewa, ya ce Mai Adda. Da wannan suna kaɗai ya ɗauke fim ɗin daga ɗakin bautar wasu ya ajiye shi a gona, domin babu gidan manomi a Sabuwa da ba a jingine adda a lungu ba.

Daga Kano faifan sidi ya bi 'yan kasuwa zuwa Funtuwa da Malumfashi, daga nan ya watsu a kasuwannin mako irin ta Sheme. Ba a daɗe ba faifan ma ya mutu, a ka koma memori. Shagon cajin waya ya zama sabon gidan haya: ka miƙa wayar ka a tura maka fim biyar ko goma da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. 'Yan fim ɗin Hausa sun yi ta kuka cewa fassara ta kashe masu kasuwa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a kukan, domin wanda ya kashe kuɗi ya ɗauki fim ba zai iya gasa da wanda ya ɗora murya a kan fim ɗin miliyoyi ba.

ME KE CIKIN FIM ƊIN?

Velayudham ya fito ranar 26 ga Oktoba, 2011, lokacin bikin Diwali. M. Raja ne darakta, Aascar Ravichandran ya ɗauki nauyi, Vijay Antony ya yi kiɗa, kuma an gina labarin a kan wani fim ɗin Telugu na shekarar 2000 mai suna Azad. A lokacin tauraron Vijay bai daɗe da fita daga kusufi ba, domin finafinan sa irin su Villu da Sura sun faɗi a kasuwa. Kaavalan ya fara wanke shi a farkon 2011, sannan Velayudham ya shiga kasuwa a rana ɗaya da babban fim ɗin Suriya mai suna 7aum Arivu, kuma ya ci riba. Thuppakki na 2012 ya ƙarasa ɗora shi a sahun gaba.

Ga labarin a taƙaice. Wata 'yar jarida, Bharathi (Genelia ce ta fito a matsayin), ta gano cewa wani babban minista na jihar ya haɗa baki da 'yan ta'adda za su tada bama-bamai a Cennai. An kashe abokan aikin ta, ita ma da kyar ta sha. Cikin ɗimuwa sai ta ƙirƙiri wani gwarzo da babu shi, ta rubuta takarda da sunan sa cewa shi zai hana wannan ta'asa. Sunan da ta zaɓa shi ne Velayudham. A daidai lokacin kuma wani ɗan ƙauye mai sayar da madara, shi ma sunan sa ke nan, ya shigo birni don ya karɓi kuɗin da ya tara a kamfanin adashi saboda auren ƙanwar sa. Cikin rashin sani ya yi ta wargaza shirin 'yan ta'addar, jama'a su ka ɗauka gwarzon nan ne ya bayyana. Da farko ya ƙi wannan kaya. Sai da kamfanin adashin ya cinye kuɗin talakawa, har da nasa, sannan ya yarda ya sa rigar. Daga ƙarshe abokan gaba su ka bi shi har ƙauye, bam ya kashe ƙanwar da ya yi duk wahalar domin ta.

Wani abin lura shi ne bos ɗin fim ɗin da yaran sa sunayen Musulmi gare su, abin da a ka saba gani a finafinan Indiya na wancan lokaci, ko da yake an sa wani ɗan sanda Musulmi mai gaskiya a gefe don a daidaita sahu. Duk da haka Musulmin Arewa bai juya wa fim ɗin baya ba. A shekarun da bama-baman Boko Haram ke tashi a Kano da Kaduna da Zariya, babu mai buƙatar a yi masa bayanin wane ne mai dasa bam a cikin jama'a.

INDA LABARI YA HAƊU DA GASKIYA

Yanzu mu dawo gida. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda ke mazaɓa ɗaya ta Majalisar Wakilai, ƙasar noma ce ta gaske: masara, dawa, auduga, waken suya. Sai dai su na bakin iyaka da Zamfara da ƙasar Birnin Gwari, inda manyan dazuzzuka su ka haɗe. A daidai shekarun da fassara ke bunƙasa, satar shanu ta rikiɗe ta zama kisa. A watan Maris na 2014 'yan bindiga a kan babura su ka afka wa Mararrabar Maigora da ƙauyukan da ke kewaye a Faskari da Sabuwa, su ka kashe mutanen da wasu rahotanni su ka ce sun haura 100. A watan Yuni na 2020 a ka yi wa Kadisau irin wannan ɓarna. Daren Juma'a 11 ga Disamba, 2020, a ka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a lokacin Shugaba Buhari na hutu a Daura. Ranar 17 ga wata a ka sako su, gwamnati ta ce su 344 ne. A watan Yuni na 2024 kuma 'Yargoje ta yi jana'izar mutane masu yawa.

To mai karatu, sa kan ka a matsayin saurayin da ya taso cikin wannan hali. An kore shanun baban sa, an karɓi kuɗin fansar yayar sa, an sa wa garin su haraji kafin a bar su su girbe abin da su ka shuka. An kira jami'ai ba su zo ba sai bayan an gama. Da dare ya kunna waya, ya ga ɗan ƙauye irin sa, mai ƙanwa irin tasa, ya na magana da Hausa, ya na sare azzalumai ɗaya bayan ɗaya, babban mutumin da ke ɗaure masu gindi ma bai tsira ba. Ina fim ɗin soyayya na cikin falo zai kama ƙafar wannan? Awa biyu da rabi ya na ganin duniyar da a ke hukunta mai laifi.

Har ita fitinar sai da ta taɓa hanyar da fim ɗin ke bi. A ƙarshen Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, ta hana sayar da fetur a jarka. A Satumba a ka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, a ka kuma hana sana'ar cajin waya a wurare da dama. Sai a Disamba a ka fara dawo da layukan. Wata uku ke nan ba kasuwa, ba man janareta, ba shagon tura fim.

ADDAR FIM DA ADDAR GASKE

A nan ne ya kamata mu yi wa juna gaskiya. Ba fim ne ya kawo fitina yankin nan ba, kuma duk wanda ya ce fassarar Indiya ce ta koya wa mutane kisa ya raina girman matsalar. Rikicin gona da burtali, rashin adalci a kotu da ofishin 'yan sanda, kwararar bindigogi da talauci sun riga Mai Adda zuwa. Amma akwai darasin da fim ɗin ke koyarwa wanda tarihin wannan yanki ya riga ya gwada, kuma sakamakon bai yi daɗi ba.

A ƙarshen fim ɗin, jarumin ya nuna wa taron jama'a cewa su daina jiran wani gwarzo daga sama, kowa ya tashi ya zama Velayudham. Magana ce mai daɗin ji. Mu ma an gaya mana irin ta: a watan Agusta 2021 Gwamna Masari da bakin sa ya shawarci jama'a su nemi makami su kare kan su. Kuma tun kafin nan 'yan sa-kai sun tashi, da yawan su mutanen kirki ne da tura ta kai bango, wasu sun rasa rayukan su wajen kare garuruwan su. Sai dai a fim darakta ya riga ya nuna maka bos tun farko, da fuskar sa da kiɗan sa, don haka sara ba ya kuskure. A kasuwar ƙauye kuwa babu mai nuna maka. An sha kama Bafillatanin da ya zo cin kasuwa a yanke masa hukunci ba tare da alƙali ba, 'yan'uwan sa su shiga daji su dawo da ramuwa a kan garin da bai ji ba bai gani ba. Wannan ramuwar gayya na cikin abin da ya sa gwamnonin Arewa maso Yamma su ka haramta 'yan sa-kai a 2019, shekarar da Masari ya shiga ƙauyukan Sabuwa da Faskari ya zauna da 'yan bindiga neman sulhu. Sulhun bai ɗore ba. A Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, wato a sa wa masu kare gari horo da albashi da shugaba. A 2025 kuma a ka sake zaman sulhu a ƙananan hukumomin yankin. A fim, ranar da a ka kashe bos a ke rubuta "ƙarshe". A nan an kashe Auwalun Daudawa, jagoran satar ɗaliban Ƙanƙara, a Afrilu 2021, amma ba a daina kai hari ba.

Su kan su Tamilawa ba adda su ka ɗauka bayan sun fito daga silima ba. Ƙuri'a su ka ɗauka. M. Karunanidhi, marubucin fim ɗin Parasakthi na 1952, ya mulki jihar har sau biyar. M.G. Ramachandran, wanda ya yi suna da fitowa a matsayin mai ceton talaka, ya zama babban ministan jihar daga 1977 har rasuwar sa a 1987, kuma a zamanin sa a ka faɗaɗa ciyar da 'yan makaranta abincin rana. Jayalalithaa, abokiyar fitowar sa, daga baya ta gaji jagorancin jam'iyyar sa. Shi ma Mai Adda wannan hanya ya bi, domin a Fabrairu 2024 ya kafa jam'iyyar sa ta siyasa. Kuma ko can son gwarzo bai zo kyauta ba: a Satumba 2025 mutum 41 su ka mutu a turmutsutsun taron sa a garin Karur.

Saura kuma 'yan fim ɗin mu. Kuka da masu fassara ba zai dawo da mai kallo ba. Abin da Mai Adda ya nuna shi ne akwai miliyoyin mutane a karkara da ke jin yunwar ganin rayuwar su a allo, har su ka ari ta Tamilawa. Ga labarai nan jibge a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa: uwar da ta sayar da gona don fansar ɗa, malamin da ya ci gaba da zuwa aji bayan an sace ɗalibai, ɗan sa-kan da ya gano wanda ya sara ba shi da laifi, yaron makiyayi da a ka kashe uban sa ya rasa inda zai kai ƙara. Marubucin da zai ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan ya yi masa adalci, ya nuna kowane ɓangare da uwar sa da ƙanwar sa, zai sami masu kallo tun daga Yankara har Cennai ɗin ma in an fassara masu.

Allah ya jiƙan waɗanda su ka rasu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya zaunar da yankin lafiya.